Na Koma Benci Saboda Kemistiri

Tudun Wada, Zariya.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Fatakwal? Ya maigidan da yara? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan kalau muke, alhamdu lillahi.

Bana ma kwalejin koyon aikin lafiya ba su ɗauke ni ba. Sun ce makina na Kemistiri ya yi ƙasa, shekara taran da na yi ina taimaka wa nas-nas a asibiti kuwa ba su ko duba ba. Don haka zan sake jarrabawar, har na shiga lesin ɗin yamma a Tudun Jukun.

Ranar farko ina shiga aji, yaran suka miƙe tsaye: "Barka da yamma, Malama." Na ce su zauna, sannan na wuce bencin baya na buɗe littafina. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Maigidana ya ce daga wannan ba ƙari, ban kuwa musa ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Kada ki faɗa wa Inna tukuna, don ta riga ta gaya wa duk unguwa ni likita ce.

Ƙanwarki,
Rabi