Buhun Yashin Kujerar Baya

Daren Laraba, Konni

Tsohon jirgin saman da Kawu ya bar mini ba ya tashi daidai in mutum guda ne a ciki, sai na ɗaure buhun yashi a kujerar baya, inda yakan zauna da yana raye. Yau na kewaya gonakin Tsarnawa lafiya lau, ko karkata bai yi ba. Da na sauka, sai ga buhun jingine da bango. Ashe na mance shi.

Idi mai gadi ya ce, "Alhaji, ina dattijon da ka ɗauko? Na ɗaga mishi hannu, ya amsa."

Na yi alwalla, barci ya ƙi. Gobe yaya zan yi da buhun? Tsoro nake in aza shi bisa cinyar Kawu.