Inna, Tattaɓa-Kunnenki Ya Nemi Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ko da yake gwiwoyin nawa sun fara gardama da durƙuso, ina fatan wannan takarda ta same ki a inda Mai Duka ya ajiye ki. Autanki ne, Tanko, wanda mutanen Makka suka sani da Alhaji Abdullahi. Daga unguwar Utaibiyya nake rubuto miki. An rushe gidanmu na kan dutse a unguwar Nakkasa tare da na maƙwabta, mun sauko mun kama ɗakuna a bayan wani mai gasa burodin tamis. Lafiya lau muke, sai tsufa.

Na san ba ki yi karatu ba. A da ma in takarda ta zo ƙauye, malamin makaranta ake kira ya karanta a tsakar gida kowa na ji. Wannan ma a fili na sa ta, mutane na leƙe. Ki yi haƙuri da su.

Labarin Ayuba na kawo miki. Ba ki san shi ba, kin tafi tun ba a auri uwarsa ba. Jikan Yaya Ladi ne, ɗan Bitrus, wato tattaɓa-kunnenki. Kin tuna yadda gidanmu na Maguzawa ya rabu. Yaya Ladi ta bi 'yan mishan, ni na bi malamai, ke kika zauna a tsakiya da tukunyar burkutunki kina tuƙa wa kowa tuwo. Yaya Ladi ta rasu, Bitrus da matarsa ma sun bi ta, yaron ya tashi a Jos a hannun dangin uwarsa. A can ya shiga wani coci da ya zo daga Amurka, masu tura samari bibbiyu wa'azi gida-gida, da farar riga da naktaye da ɗan baƙin allo na suna a ƙirji. Bana shi ma aka ɗauke shi. Kafin a tura shi ƙasar Kwaddibuwa, inda zai yi shekara biyu, sai aka kai shi makarantarsu ta horo a Ghana, ya koyi aikin, ya koyi Faransanci.

Sau ɗaya a mako ake barinsu su rubuta wa gida. Yaron ya duba ɓangaren ubansa ya ga ni kaɗai na rage, ya yi ta cigiya har ya samo adireshin 'yata Maryama. Ta wayarta saƙonsa ke shigowa. Ita haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci, in ta fara karanta min sai in ji tausayin Hausar in karɓi wayar in ɗauko tabarau.

Inna, da kin ga zaman yaron nan a can, da kin yi dariya.

Tun da sassafe ake tashinsu. Su durƙusa su yi addu'a, su motsa jiki, su yi wanka, su ɗaura naktaye, su karanta littafinsu, su ci abinci, su shiga aji, haka har dare. A aji malaminsu kan mai da kansa mutumin gari. Su fita waje su ƙwanƙwasa ƙofar ajin kamar ƙofar gida, su gaishe shi da Faransanci, ya leƙo ya ce ba ya so, ya rufe. Su ce mun gode, su sake ƙwanƙwasawa. An karɓe musu waya. Babu rediyo, babu kallon ƙwallo, shi da ya ce a Jos in ƙungiyarsa ta sha kashi ko abinci ba ya ci. Rana ɗaya a mako ta wanki da guga ce, ita ce kuma ranar rubutu. Ya ce wuyan farar riga ya fi Faransanci wahalar da shi.

Sunansa ma an ajiye masa. Elda suke ce wa kowannensu, wai dattijo. Yaron da gemunsa bai gama shawara ba. Na rubuta masa na ce, to dattijo, ni da na haura saba'in a ce da ni me? Ya amsa ya ce, "Kaka, kai ai ka wuce nan, sai dai a kai ka gidan tarihi." Kin ji jika.

Shayi ba sa sha, balle gahawa. Na ba abokan zamana labari a bakin shagon mai tamis. Wani Basakkwace da muke ce wa Malam Bello ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Wanga addini akwai wuya!" Ni kuwa ke na tuna. Ɗanki ya bar giya, tattaɓa-kunnenki ya bar har shayi.

An haɗa shi da abokin tafiya, ɗan Kongo. Doka ce, ɗaya ba ya ɓace wa ɗaya, sai dai a bakin ban-ɗaki. Wancan ba Turanci, Ayuba ba Faransanci, makonsu na farko da hannu suka yi hira. Ya ce ɗan Kongon kan juya fuska bango ya yi kuka don kewar uwarsa, shi kuma ba shi da kalmar lallashi a harshen da wancan zai ji, sai ya riƙa zuba masa yajin da ya taho da shi daga Jos a kan abinci. Da na karanta wurin sai na ga kaina a shekarata ta farko a garin nan, ina tsaye a bakin shago ina nuna burodi da yatsa, Larabcin da na koya a allo ya ƙi saya min komai.

Haka muka yi ta yi, yana rubutowa ina tsokanarsa, har horon ya zo ƙarshe. Sai ga saƙon da ya sa na ɗauki biro yau.

An kai su haikalinsu. Ya bayyana min cewa a addininsu mai rai yana iya shiga ruwa a yi masa baftisma a madadin mamaci. Ana kiran sunan mamacin, shi kuma a can in ya so ya karɓa, in ya ƙi ya bari. Ayuba yana so a yi miki. Abu biyu suka tsaya masa. Bai san sunanki ba, don Yaya Ladi har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba. Kuma ƙa'idarsu ce sai da yardar ɗan'uwa mafi kusa da ke raye. Ni ke nan. Ya ce, "Kaka, sunanta nake roƙo, da yardarka."

Sunanki, Inna. Har lokacin ban taɓa furta shi ba, wane ni. Baba "ke" yake ce miki, gari na ce miki Uwar Ladi. Sau ɗaya na ji shi ina yaro, ranar da Kawu ya zo daga garinku bayan an gama girbi. Bai yi sallama ba, ya leƙo ta saman danga ya kira ki da shi. Kina sheƙar dawa, kika saki ƙwaryar, kika yi wata dariya irin ta 'yan mata da ban taɓa ji a bakinki ba. Na ɗauke sunan na ɓoye. Ranar da saƙon nan ya zo, duk duniya ni kaɗai ke da shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba game da aikina. Shekaru na yi ina tura tsofaffin alhazai a keke a Harami. Wasunsu kan ce in yi wa iyayensu da suka rasu umara. In je Tan'im in ɗaura harami in ambaci sunan uwar wani, 'yar wane, in zagaya Ɗakin Allah dominta. Iyayen mutane da yawa sun bi ta bakina. Wata rana na tare wani malami ɗan Zariya da ke karatu a nan, na ce, uwata ta rasu ba ta yi kalmar shahada ba, ko zan iya yi mata? Ya ce, "Baba, ba a ba mu wannan ba. Abin da ya rage maka, ka riƙe danginta." Na karɓa, har yau ina kan karɓa, don ban shiga Musulunci da ƙafa ɗaya ba. Amma da roƙon Ayuba ya zo, kwanaki na yi abinci ba ya min daɗi. Abin da aka hana ni ne wani ya zo yana cewa shi an ba shi.

Malam Bello ya ce kada in amsa masa ko da harafi. Maryama ta ce, "Halas, shi ke nan, Baba, goge saƙon kawai, ka huta." Ban goge ba. Danginki da aka ce in riƙe, shi ne. Kuma ni da shi ba za mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. A hanyar Jidda akwai allon da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai ratse, iyakar Ayuba ke nan. Ni kuma ba ni da iƙama, takardar izinin zama, in na fita daga garin nan na fita ke nan, 'ya'yana na ciki. In na yi shiru, sunanki zai shiga ƙasar Makka tare da ni, ya ƙare.

Ina cikin wannan sai na tuna daminar da kika yi ciwon ƙafa, kafin in taho. Yaya Ladi ta kawo miki fasto, ni na kawo miki liman, a mako guda, kamar mun haɗa baki. Kowanne kin sa an shimfiɗa masa tabarma, kin dama masa fura, kin saurare shi har ya gaji. Da suka tafi kika kira mu kika ce, "Na ji naku, na gode. Uwata ta tafi ta hanyarta. In na bi wata hanyar, wa zai kai mata labarinku?" Na yi fushi a ranar. Amma an tambaye ki kina da kunne, kin ba da amsa kina da baki. Ni da na kasa juya ki kina raye, ba zan ce na yarda a madadinki ba don kawai kin yi shiru. Addinina ma bai ba ni in yarda ba.

Ranar da za su tashi zuwa Kwaddibuwa aka bar su su kira gida daga filin jirgi. A ranar na fara jin muryarsa. Muryar Bitrus ce sak, har da saurin maganar. Bayan mun gaisa na ce masa zan ba shi ɗaya, ɗayan ba zan bayar ba. Na ba shi labarin daminar nan, na maimaita masa maganarki yadda kika faɗe ta. Ina jin ana shela a lasifika, ina jin ɗan Kongon yana tambayarsa ko lafiya. Can ya ce, "Kaka, ba ka tsoron in karɓi sunan in yi abina ba ka sani ba?" Na ce ina tsoro. Ya ce, "Ba zan yi ba. Amma ka sani duk mako sai na sake roƙonka." Na ce Allah Ya ba mu rai.

Sannan na faɗa masa sunan. Na ji kamar na shigo ɗakinki ba sallama. Ya maimaita da bakinsa na 'yan Jos, ya karkatar da shi, na gyara masa har ya kama. Ya sake faɗa a hankali shi kaɗai. Maryama da ke riƙe min wayar ta ji, ita ma leɓenta na motsi. Ki gafarce ni, Inna. Ban rubuta shi a takardar nan ba, masu leƙe su yi haƙuri.

Ba na ruɗin kaina. Ranar da aka binne ni babu sauran wanda Ayuba zai nemi yardarsa. Na ba shi sunanki, na ba shi amsarki, ya tafi da su tare a jirgi. Yaro ne mai amana, iyakar abin da na sani ke nan. Sauran tsakaninku ne.

Addu'ar da nake so in yi miki ba a ba ni ita ba, ba kuma zan sata ba. Wanda Ya halicce ki Ya fi ni saninki, Ya ga tuwon da kika ciyar da mu da baƙin da kika shimfiɗa wa tabarma, kuma ba Ya zaluntar kowa. Na bar ki a hannunSa. Shi kuma Ayuba, Allah Ya tsare shi a ƙasar mutane, Ya kare shi daga zazzaɓi da mugun ji, Ya haɗa shi da masu ba baƙo ruwa, Ya shiryar da shi da mu baki ɗaya zuwa ga abin da Ya yarda da shi. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Autanki,
Tanko,
Utaibiyya, Makka.