Murfin Robobin Inna

Lahadi, 3 ga Maris

Na gama girkin mako. Shinkafa a babbar tukunya, wake a ta biyu, kowanne daban don kada su caɓe. Na baza su a faranti ƙarƙashin fanka suka huce da wuri, sannan na rarraba a sababbin robobina masu maƙalli huɗu. Na kwana biyu a firij, sauran a firiza. Wallahi in na buɗe na gan su jere, sai in ji kamar na ci jarrabawa.

Inna ta dawo wurina tun da aka sallame ta daga asibiti. Likita ya ce dole ta ci abinci kafin maganin rana, in ba haka ba jiri zai kayar da ita. Ni kuma ina wurin aikina a ɗakin gwajin jini har la'asar. Na nuna mata: ta juye a ƙaramar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta ɗumama ya yi zafi sosai. Ta ce to.

Talata, 5 ga Maris

Robar jiya da ta yau, ko taɓa su ba ta yi ba. Wai ita tunda uwarta ta haife ta ba ta cin kwantai. Inna fa! Matar da ta raine mu da ɗumame kowace safiya.

Laraba, 6 ga Maris

Mun yi cacar baki. Ni da ita dama haka muke, ba mai sakar wa wani. Na yi mata lacca kan firiza har na gaji. Shayi kawai ta sha da maganin, na iske ta dafe da bango.

Tsoro nake ji, gaskiya.

Alhamis, 7 ga Maris

Yaya ta ce a waya in ajiye aikin mana. Daga nesa komai sauƙi ne.

Asabar, 9 ga Maris

Ina wanke-wanke na lura gefen wani murfi duk ya kakkarce. Na duba na Talata, haka. Sawun wuƙa ne, har maƙalli ɗaya ya tsage. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallonsu. Sai na leƙa falo, Inna tana ƙoƙarin ɓare ayaba, yatsun nan sun kumbura, sun ƙi lanƙwasuwa. Daga ƙarshe da haƙori ta fara.

Ashe buɗewa ce ta gagare ta. Kwana biyar tana faɗa da roba ita kaɗai, gara ta ce ba ta ci da ta ce ba ta iyawa. Ni kuma ina ta lacca. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Lahadi, 10 ga Maris

Girki kamar kullum. Waken ya yi daɗi, albasa ta ji. Na zaƙulo tsohon kwanon samira mai murfin da yatsa ɗaya ke ɗagawa. Robobi su zauna a firiza, da safe in juye rabonta a kwano in sa a firij. Ban ce mata komai ba.

Talata, 12 ga Maris

Kwano a wanke tas, a kife. Kwana biyu ke nan.

Jumma'a, 15 ga Maris

Ta fita har ƙofar gida ta sha iska, ba jiri. Da na dawo ta kalle ni ta ce, “Kin gani ko? Da kika fara dafa mini sabo kullum ai ina ci.”

Amsa ta zo mini har bakin leɓe, da ranar girkin da komai. Ita ma ta sani, ai a gabanta na dafa ranar Lahadi. Na ce, “Gaskiyarki, Inna.”

Gajiya ce kawai ta hana ni musu, ina jin.