Mulmulallen Cukun Zakiya

Asabar, 2 ga Yuni, 2007

Zakiya ta sake dawowa hannunta yana warin tafarnuwa da wani ganye da ban sani ba. Autata ce, a nan Jidda na haife ta, amma tun da ta fara bin Mastura aikin girkin biki sai nake ganin kamar baƙuwa na sauka a gida. Masturar nan ta daɗe tana dafa wa wasu Turawan Italiya abinci a gidajen kamfani. Yanzu ta buɗe nata kasuwancin, tana kai wa matan masu hali abin taɓawa in suna liyafa. Wadda ta daɗe a madafar mutanen nan, me hannunta bai taɓa ba?

Da girmana na koyi rubutun nan, yatsuna har yanzu suna sagewa. Amma gara in faɗa wa takarda da in faɗa wa matan unguwarmu ta Kurayyat.

Litinin, 4 ga Yuni

Na yi wa Malam, maigidana, maganar da ya dawo daga masana'anta. Bai ko ɗago daga kwanon tuwo ba. Ya ce, "Ke kika san 'yarki. In kin ce ta bari, ta bari." Haka yake, kullum ya jibga mini komai.

Alhamis, 7 ga Yuni

Ta shigo tana tsalle kamar ƙaramar yarinya. "Ummi, Khala Mastura ta ba ni aiki ni kaɗai!" Wai akwai liyafar mata ranar Alhamis mai zuwa, za ta yi musu wani cuku irin na Italiya, mulmulalle, guda huɗu, a nan gida za ta haɗa. In ya yi kyau a ɗauke ta aiki dindindin, in bai yi ba halas, shi ke nan.

Na ce me ya sa a gidana? Ta ce firijin Mastura ya cika. To. Ko dai akwai abin da ba ta so a gani a nata firijin.

Lahadi, 10 ga Yuni

An kawo kayan. Direban Mastura ne ya sauke su a bakin ƙofa, ya gaishe ni da ladabi. Ladabin ya yi yawa.

Cuku mai laushi fari kamar man shanu, wani kuma mai tauri kamar sabulun wanki, zaitun, ganye, da fustuƙ, wannan koriyar gyaɗar tasu. Sai kwalba ɗaya. A ciki wasu jajayen abubuwa ne yanka-yanka, a yamutse, suna kwance cikin mai. Na juya kwalbar, na haɗa baƙaƙen jikinta ɗaya bayan ɗaya, na karanta tsaf, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ba Larabci, ba Faransanci.

Nama ne. Idona ya san busasshen nama. Naman me Bature ke jiƙawa cikin mai?

Ban tambaye ta ba. In na tambaya dariya za ta yi, ta ce Ummi ke dai. Kuma ita ma abin da aka gaya mata za ta gaya mini.

Talata, 12 ga Yuni

Yau ta haɗa. Na zauna bakin ƙofar madafa da tiren shinkafa kamar ina tsinta.

Ta bar farin cukun ya saki, ta buga shi da cokali. Ta goga mai taurin a kai. Ta daka tafarnuwa, ta yayyanka zaitun da ganyen nan, ta tsamo jajayen daga kwalba ta tsane su ta yanka ƙanana, duk ta cuɗe. Ta shimfiɗa leda, ta zuba, ta naɗe ta mulmula har ya yi tsawon zira'i kusan, ta murɗe bakin nan da bakin can. Haka ta yi har huɗu. Da suka ɗan yi sanyi a firij ta birgima su cikin dakakken fustuƙ, ta sake naɗewa. Ko wuta ba ta kunna ba. Abincin baƙi, ɗanye!

Na ce ba za a soya ba? Ta ce, "La, Ummi, haka ake yankawa a ɗora kan gasasshen burodi. Don Allah kar a taɓa, kar a buɗe firij da yawa."

Kar a taɓa. A firijina.

Laraba, 13 ga Yuni

Innalillahi. Bari in rubuta yadda ya faru.

Da safe ta tafi wurin Mastura. Na buɗe firij, ga su huɗu a jere. Na tuna Hajiya Rakia ta unguwar Hindawiyya, 'yar garinmu ce, ta zauna Kwatano da daɗewa, ta sha faɗin cewa ko daga nesa tana gane warin alade. Na ce in kai mata ɗaya ta shinshina kawai, in mayar da shi kafin azahar, ba wanda zai sani. Na saka shi a kular abinci don kada zafi ya narkar da shi, na hau tasi.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙofar gida. Ina sallama surukar Hajiya ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi kular hannu biyu. "Kai, Inna, har da wahala?" Ta yi ciki da ita. To me zan ce? Wa ke shiga gidan mutane da kula a rufe ya ce ba naku ba ne?

Na iske falo cike da mata, ashe ƙanwar Hajiya ce ta zo Umara daga Maraɗi. Aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya Malam, ya zafi, wa ya rasu, wa ya haihu. Ina amsawa, kunnena yana madafa. Na buɗe baki in ja Hajiya gefe, aka kawo shayi. Bayan shayin sai ga tire. An yanka cukun fale-fale, an jera da burodi.

Suka ci. Ina kallo suka ci. Baƙuwar da ta zo ɗakin Allah ta ci yanka uku, tana lasar yatsa. Hajiya ta tauna, ta lumshe ido, ta ce, "Lubabatu, wa ya koya miki wannan?" Na ce yarinya ce ta yi. Na zuba wa hancinta ido. Hancin bai ce komai ba. Ta miƙo mini, na ce cikina ba daɗi.

Kular ta dawo mini cike da dabino da soyayyen nama. A cikin tasi nake ta istigfari. In alade ne, ni na ɗauka da ƙafata na ciyar da gida guda.

Da la'asar Zakiya ta dawo, ta buɗe firij. Ta ƙirga su. Sai na ji, "Ummi?" Muryar ta yi siriri.

Na gaya mata. Duka, har da zancen kwalbar. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ɗauko kwalbar, ta tsamo guda, ta wanke a famfo, ta ɓare shi a tafin hannuna. 'Ya'yan tumatir ne a ciki, ƙanana, farare. Kauɗa. Kauɗar da na tashi ina shanyawa a kan rufin ɗakin innata, ita ce aka jiƙa a man zaitun aka saka wa kwalba.

Ta ce, "Ina salla a gabanki kullum, Ummi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta sa abaya ta fita neman cuku.

Alhamis, 14 ga Yuni

Jiya bayan magariba muka sake haɗa na huɗun. Ba ta ce in taya ba, ba ta ce in tashi ba. Na ɗauki magogi na goga mai taurin, har ya ci mini ɗan yatsa. Cukun da ta samo a kantin unguwa ya fi na farko ruwa, yana ta zame mata daga leda. Na karɓa na dunƙula kamar fura, na mulmula a hankali. Fustuƙ ɗin da ya rage bai rufe shi duka ba, gefe ɗaya ya zama sanƙo. Ta juya sanƙon ƙasa.

Yau direba ya zo ya ɗauke ta da su. Ba ta yi mini sallama da baki ba, kai kawai ta gyaɗa.

Na kasa cin abincin rana.

Juma'a, 15 ga Yuni

Wai Mastura tana ɗagawa ta gane na huɗun. Ta tambaya, yarinyar ta ce kuskure aka samu a gida, ba ta ambaci sunana ba. Matar ta ce za ta yi tunani. Tunanin me? An cinye duka, tiren ma a goge ya dawo.

Lahadi, 17 ga Yuni

Har yau ba kira. Tana zaune da waya a cinya. In na shigo ta tashi ta ba ni wuri, ladabi kamar na baƙo. Na fi son fitsararta.

Talata, 19 ga Yuni

Na je gidan Mastura. Ban gaya wa kowa ba. Na ce dama in ga madafar da idona, abin da ya kai ni ke nan. Tsaf take, da dardumar salla a ninke kan buhun shinkafa. Ban yarda da wata tukunya da ke rufe a sama ba, amma ban samu damar leƙawa ba.

Tun da na riga na zo, sai na gaya mata wanda ya ɗauki cukun. Ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, tana cewa, "Ya Hajja, ya Hajja!" Ban ga abin dariya ba. Ta ba ni shayi. Na sha rabi.

Asabar, 23 ga Yuni

An kira ta. Litinin za ta fara, dindindin. Ta zo ta zauna kusa da ni tana mita wai na cika gishiri a miya. Alhamdulillahi.

Malam ya tambaya, "To, me kika yanke? Ta bari?" Na ce a dai ƙyale ta tukuna in ƙara sa ido, ban gama bincike ba. Direban nan ma ban san asalinsa ba.

Akwai wata liyafar wata mai zuwa, wai guda shida. Hannu ɗaya ba zai iya shida ba. Zan taya ta, ba don komai ba, don in ga abin da ake zubawa ne.