Takun da Ban Yi Ba

Charters Towers,
9 ga Maris

Ƙanena Kelvin,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Yaya haƙorin nan, sun cire maka shi ko har yanzu suna cewa ka jira? Ni dai lafiya lau, ban da gwiwa, wadda ka san halinta. Karenka na nan yana cin abinci kamar shi ke yin cefanen gidan.

Ka yi haƙuri da ranar Asabar. Na san ka yi aski, ka fito zauren ziyara na gidan yarin ka zauna kana kallon ƙofa. Mota ce ban samu ba. Za ka ce ina Anti Coralie, ai ka gan ta wurin ɗanta Tyrell. E, ta je, ba ta dai biyo ta ɗauke ni ba. Shekara uku ke nan, duk Asabar ɗin farkon wata nake jin hon ɗinta a ƙofar gida, da filas ɗin shayi da burodi da ƙwai ƙunshi biyu a kujerar baya. Wannan karon na tsaya da jakata har rana ta take.

Ɗan saɓani muka samu a wurin aiki, kuma wallahi ba laifina ba ne. Masu gidan kula da tsofaffin da muke wa aiki ne suka ɗauko wata yarinya daga Brisbane, Imogen, wai ta zo ta koya mana waye ɗan gata, waye ba shi da gata. Ka ji aiki! Ta fitar da mu filin ajiye motoci cikin wannan zafin, mu ashirin da biyu, masu jinya da masu girki da mu 'yan ɗakin wanki. Ta jera mu sahu ɗaya, ta ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Za ta riƙa karanto magana, wanda ta shafa ya yi taku ɗaya, gaba ko baya. In iyayenka sun yi jami'a, gaba. In an taɓa bin ka a kanti ana zaton za ka ɗauki wani abu, baya. In za ka iya riƙe hannun masoyinka a titi ba fargaba, gaba. In kina waige-waige kafin ki isa motarki, baya.

Da farko dariya muke ta yi. Coralie na riƙe da hannuna, ta raɗa mini, "Rae, in aka ci gaba a haka sai dai ku tsince ni can bayan duniya, a garin Mount Isa." Da aka gama, masu ofis suna can gaba kusa da tuta, ni ina tsakiya, ita kuwa tana can wajen kwandunan shara ita kaɗai.

A ɗakin shan shayi aka yi ta. Hamish, mai jinyar nan ɗan lauya da ya yi makarantar kuɗi, ya ce kar a ga ya tsaya gaba a zaci ya ji daɗi, ubansa ya kore shi yana ɗan sha tara da ya gane abokin zamansa namiji ne, kuma har yau sai ya zare zobensa kafin ya shiga ɗakin wasu tsofaffin. Fetu, ƙaton nan ɗan tsibirin Samoa da ke ɗaga marasa lafiya, ya ce, "To ni wai namiji ne, ina da gata. In na shiga ɗaki tsohuwa jakarta take turawa ƙarƙashin filo, sannan in ɗauke ta in kai ta wanka." Ita Imogen sai cewa take ta san ita ma 'yar gata ce, tana ba kowa haƙuri, idonta cike da hawaye.

Ka san ni da baki. Na ce ni ce 'yar gata? Ni da na bar makaranta ina sha huɗu, na girma a tirela, irin ɗakin nan da mota ke ja, a bayan mayanka, na sha bel ɗin Baba a madadinka ba sau ɗaya ba? Na ce farar fatar nan ba ta taɓa ɗauke mini kwandon wanki ko ɗaya ba. Sai na juya wurin Coralie na ce, "Ku baƙaƙe 'yan asalin ƙasar nan ai har asibiti da tallafin karatu aka ware muku, mu wa ya ware mana ko tsinke?" Ta ajiye kofinta ta fita.

To ka ji. Magana ce ta zafin rai, kuma ai ba ƙarya na yi ba. Shekara sha tara muna ninke zanin gado tare, za ta huce. Ka sa rai da ni wata mai zuwa.

Yayarka,
Raelene

Charters Towers,
6 ga Afrilu

Kelvin ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan jikinka da sauƙi. Na ji daɗi da aka cire haƙorin. Wasiƙarka ta zo, layi huɗu, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa sannan na nemi wurin zama. Ka ce Tyrell ya gaya maka mahaifiyarsa ta ce ka tambaye ni abin da ya raba hannunmu a filin. Tunda ka tambaya, ga shi. Gara ka ji daga bakina.

A wasiƙar da ta wuce ban gaya maka duka ba. Wajen ƙarshen wasan, yarinyar ta karanto, in kana da ɗan'uwa na jini a gidan yari, ka yi taku ɗaya baya. A lokacin ina ɗan gaba da Coralie, amma hannunmu bai rabu ba, mun miƙe shi iya miƙewa muna riƙe da 'yan yatsu. Na ji ta ja baya. Na ji tana jana, a hankali, kamar yadda take jana in za mu tsallaka titi. Ni kuwa na kafe ƙafata a ƙasa, na zuba wa tuta ido. Sai hannun ya zame.

Ban taɓa gaya maka ba, a wurin aiki kowa ya san kana aikin ma'adinai a can yamma. Ni na faɗa, tun makon da aka yanke maka hukunci. Har tambayata suke yaushe za ka zo hutu. Coralie kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta taɓa ɗaga mini gira a kai ba. Nata kuwa ba ya ɓoyuwa, ranar da aka kama Tyrell kafin azahar duk garin ya ji.

Ka san zanin gado mutum ɗaya ba ya ninke shi. Kowa ya kama gefe biyu, ku ja da baya ya miƙe, ku tako ku haɗa hannu, ku sake ja. Wata guda muna yin haka ba wadda ta ce uffan. Ranar Talata, da hannunmu ya haɗu a tsakiya, na ce, "Haba 'yar'uwa, maganar asibitin nan ce har yanzu? Na janye ta." Ta ce, "Wannan? Tun ina 'yar firamare nake jin ta, ko a jikina." Muka ja baya, muka sake haɗuwa. Ta ce, "Hannuna yana cikin naki, Rae. Na ja ki, kika ƙi zuwa."

Na ce kunya ce ta kama ni, kowa yana da abin da yake rufewa. Ta ce, "Ai shi ne. Ke naki yana rufuwa. Ni da na tsaya cak, ko wanda bai taɓa jin sunan Tyrell ba sai ya waiwayo ya ga ko na motsa. Ke kika tsaya, ko mutum ɗaya bai ɗaga ido ba. Wata talatin da shida ina kai ki ina dawo da ke, mun yi kuka a mota ɗaya, na ɗauka sahunmu ɗaya. Ashe ke ziyara kike kawo mini." Ta ɗora zanin a kan sauran ta ɗauko wani.

Kelvin, ni ma na kama gefena muka ci gaba da ninki. Har yanzu ina nan a kan cewa mun sha wuya, ni da kai, ba wanda zai zo daga Brisbane ya goge mini wannan. Amma abin da ta faɗa ya zauna mini a ƙirji ya ƙi sauka. Kuma ba ita kaɗai na saki a filin nan ba, na sani. Kai ne aka kira, na yi kamar ban san mai sunan ba.

Jiya Asabar ban ma fito bakin ƙofa ba. Na bincika, akwai bas zuwa Townsville, daga can wani zuwa arewa, sai mutum ya kwana a hanya. Zan zo wata mai zuwa ko da rarrafe ne. Don Allah ka rubuto, ko zagi ne.

Yayarka mai ƙaunarka,
Raelene

Charters Towers,
5 ga Mayu

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kana cikin ƙoshin lafiya, tunda ba ni da wanda zan tambaya. Sanyi ya fara shigowa nan, ban sani ba ko sun ba ku bargo na biyu. Ba ka amsa waccan ba. Ban san ko za ka buɗe wannan ba, amma zan rubuta.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, ka ji yadda ta kaya. Ana shan shayin safe, kowa na zaune, na miƙe na ce ina da magana. Na ce ƙanena ba ya wani aikin ma'adinai, yana gidan yari shekara uku ke nan, ya doki mutum a mashaya mutumin ya rasa ido ɗaya. Na ce ranar nan ƙarya na yi da ƙafata. Na zaci za a watse a bar ni.

Ina! Hamish ya taso ya rungume ni, wai ya san zafin ɓoye abu. Shugabar masu girki ta ce, "Allah sarki, tsautsayi ne, kowane gida da nasa." Wata ta ce ai giya ce, ba halinka ba ne. Aka ƙara mini shayi, aka turo mini biskit. Ina cikin share hawaye, har na fara jin sanyi a raina, sai na hango Coralie a bakin ƙofa da kofinta, tana kallon yadda ake lallashina. Shekara huɗu ɗanta yana ciki a kan motar da ya ɗauka, bai taɓa ko yatsan wani ba, kuma a ɗakin nan ban taɓa jin wanda ya ce tsautsayi ne ba. Abin da ake cewa in ta fita, "Ai ka san su." Na sha ji, kuma ban taɓa tankawa ba. Fetu ne kaɗai ya lura da ita, ya sunkuyar da kai. Washegari ta nemi a mayar da ita aikin yamma. Yanzu da wata sabuwa nake ninki, ba ta san lokacin da ake ja ba.

Ranar Juma'a na hau bas kamar yadda na yi maka alkawari. Asabar da hantsi ina bakin tagar masu karɓar baƙi, na miƙa katina. Matar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Yi haƙuri, ya cire sunanki daga masu ziyararsa." Na ce kuskure ne, ni ce yayarsa, ni na raine shi. Ta ce ba kuskure ba ne, da hannunsa ya cika takardar. Ban yi musu ba. Da wane baki?

Na koma na zauna a kan dakalin filin motoci, don bas ɗin komawa sai ƙarfe huɗu. Motar Coralie na nan a inda muka saba ajiyewa, ƙarƙashin bishiyar nan mai zubar da ganye. Awa biyu ina kallonta. Na shirya maganganu kala-kala, har da na ban dariya.

Da aka tashi daga ziyara ta fito, ta gan ni, ba ta yi mamaki ba. Ta shiga mota ta tayar, ta taho a hankali ta tsaya daidai ni. Kelvin, har na ɗauki jakata. Ta sauke gilashi ta ce, "Na gan shi daga nesa, yana lafiya, ya ɗan rame." Sai ta miƙa hannu kujerar baya ta ɗauko ƙunshin burodi da ƙwai ta ba ni. Ta ce, "Hannuna ne ya saba yin biyu. Kar ki bari bas ya wuce ki." Ta ɗaga gilashin ta tafi. Awa biyar za ta yi a hanya, garinmu ɗaya, unguwarmu ɗaya, kujerar gaba ba kowa.

Na cinye shi a wurin, don yunwa nake ji. Ta sa barkono da yawa, yadda nake so.

Ba zan roƙe ka ka mayar da sunana ba. Ni na fara cire naka. In ka fito, ɗakinka na nan, karenka na nan. A wurin aiki an ce yarinyar za ta dawo baɗi ta sake jera mu. In ta karanto maganar zan yi takun, amma ban san hannun wa zan riƙe ba.

Ka ci abinci, ka rufa da kyau.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Raelene