Sallahun Baffa Sani

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa? Daga Guangzhou nake rubutowa, a masaukinmu na titin Huanshi Lu. Matar da ke kula da wurin ta tambaye ni ina maigida, na nuna mata sama.

Gida lafiya. 'Yarmu Hadiza ta haihu, mace, mai goshinka sak. Shagon Kwari yana nan yadda ka bar shi.

Ka san halin mutane in za ka taho Sin: wannan ya ba ka sallahun waya, wancan na takalmi. To ƙaninka Baffa Sani nasa daban ne. Cewa ya yi in dawo masa da Abba, ko ya gama karatu ko bai gama ba. Ɗanmu fa, Alhaji, sai ka ce kwalin kaya!

Wani ɗalibi ne ɗan garinmu, ban yafe masa ba, ya ɗauki hoton Abba da abokinsa ya watsa a zauren waya na 'yan kasuwa. Kafin in sauka a filin jirgin Baiyun magana ta zagaye Kano. Abba ya daina zuwa Juma'a, ya daina zuwa cin tuwo a unguwar Xiaobei, don kar a nuna shi da baki. Ya rame ƙwarai. Ƙofa in aka ƙwanƙwasa sai ya zabura.

Ni da kai mun sani, ko ba haka ba? Tun yana sakandare muka sani. Ba mu taɓa furtawa ba, ko mu biyu a ɗaki. Da ka dage sai a Sin zai yi karatu na yi ta masifa, na ce ka raba ni da ɗana. Yanzu na gane nesanta shi ka yi da idon mutane. Me ya hana ka gaya mini?

Wallahi tsoro nake ji. Ka tuna yaron bayan layinmu da samari suka ritsa da shi a kan irin wannan zargi? Har yau da sanda yake tafiya. Sani ya ce gyara Abba kawai za a yi. Ka fi ni sanin hannun Sani.

Akwai wasu mutanen coci a wata ƙasa, ƙungiya ce mai tsaya wa waɗanda aka zalunta: 'yan gudun hijira, ma'aikatan da aka danne, har da maza masu son maza irin Abba. Coci fa, Alhaji! Ni da ko ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba. Sun samo masa makaranta a can, da lauya. A nan sai ta waya ake magana da su, ƙasa-ƙasa, kuma duk ɗan sandan da ya tsayar da mu duba fasfo sai in ɗauka an gano mu. Na sa Abba ya kira matar da ke taimakonsa, fasto ce, yana yi mana tafinta. Ban yi mata kara ba, na tambaye ta ko addininsa suke nema. Ta ce a'a, har ta nemo masa ɗaki kusa da masallaci. Gaskiya ta faɗa? Oho. Ban ce abin da yake yi daidai ne ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ina tsoron Allah, ina tsoron mutanen nan da ban sani ba, amma Sani ne zai tarye mu a filin jirgi.

Na gama haɗa kayana, ni kaɗai zan koma. Zan dubi Sani in ce ban kawo shi ba, ya yi duk abin da zai yi. Abba zai tafi ƙasar mutanen cocin, ya kuma san in ya tafi ba dawowa, ko an ce masa ina kwance. Kai ka yi sa'a, ɗanka ya ɗauki makararka. Ni na zaɓi ya rayu, wasu su ɗauki tawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu da alheri.

Taka,
Hajara, uwar Abba