Moɗar da Gwaggo Ta Ɓoye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kabarinki ya yalwata.

Inna, na gano! Shekara huɗu da rasuwarki, sai makon jiya na gano abin da ya hana ki ƙoshi da ruwa.

Kin tuna yadda kike shanye rabin randa kafin azahar, kina zirga-zirga zuwa bayan gida? Matan Unguwar Kanawa suka sa aka duba fitsarinki, tururuwa ba ta taru a kai ba, suka ce to ba ciwon suga ba ne, iska ce. Gwaggo, yayar Baba, ta ɓoye moɗa, wai in kin rage sha za ki rage fitsari. Ina ta faɗa da ita, ke kuma kina zaune leɓe a tsage, kina cewa, "Sani, rage baki, Gwaggonka ce."

Ban rage ba, Inna. Karatu na ƙara.

A Babbar Kasuwa na ƙwato wani tsohon littafin likitanci daga hannun mai ƙosai, har ta fara naɗe ƙosai da shi. Wata biyu ina fama da ƙamus. Ashe ƙoda 'yar aike ce! A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake. Jiki na fara bushewa, sai ta saki wani sinadari cikin jini, ya gangara ya ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Har gishiri yana da nasa ɗan saƙon, daga wata tsoka da ke zaune a kan ƙodar. In saƙon ruwa bai iso ba, ƙoda zubarwa kawai take yi, ko kin sha ko ba ki sha ba. Shan nan da suka hana ki, shi ke riƙe da ranki. Ina iskar take a nan?

Ga dalilin wannan wasiƙa. Ƙishin nan ya kama autarki Rabi tun bara, har ta daina zuwa makaranta, Gwaggo kuma ta sake ɓoye moɗa. Ranar Litinin na ɗora Rabi a keke sai asibiti. Likita ya fara yi mini kallon ɗan tasha, na buɗe masa shafin littafin nan mai tabon mai. Ya yi gwaje-gwajensa kwana biyu, sannan ya yi mata allurar sinadarin nan.

Inna, jiya Rabi ta zauna tun hantsi har la'asar tana kitso, kofi biyu kawai ta sha. Biyu! Za ta riƙa komawa allura, amma ta koma makaranta.

Na je zan wanke Gwaggo tas. Na tarar da ita gaban randa, ta ciro moɗar daga ƙasan gadonta, tana kuka tana kiran sunanki. Karon farko, na rage baki.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya shayar da ke ruwan Alkausara har ki ture moɗar da kanki.

Ɗanki,
Sani